Darasin Aduhelm: Kada Ku Sayar da Gona Saboda Kanun Labarai

Duk bayan 'yan watanni sai labarin ya sake zagayowa a wayoyinku, wani lokaci da hoton likita cikin farar riga, wani lokaci da hoton ƙwaƙwalwa mai launi iri-iri, wai Turawa sun gano maganin cutar mantuwa. Idan a gidanku akwai tsohuwar da ta fara kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, ko dattijon da ya fita masallacin ƙofar gida ya kasa gane hanyar dawowa, to ba za ku karanta saƙon nan yadda sauran jama'a ke karanta shi ba. Lissafi za ku fara. Wa ke da fili a cikinmu, wa ke da ɗan'uwa a Landan, nawa ne kuɗin jirgi zuwa Alƙahira ko Indiya. Dominku nake wannan rubutu, kuma ga matsayina tun daga farko: har yau babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer, babu wanda ke tsayar da ita cak, babu wanda ke dawo da abin da aka riga aka manta. Wanda duk ya faɗa muku akasin haka, ko babban kamfani ne a Amurka ko mai lasifika ne a bakin tasha, akwai abin da yake so ya sayar muku.

Hujjata ita ce tarihin wani magani guda, aducanumab, wanda aka kai kasuwa da sunan Aduhelm. Amma kafin mu kai gare shi, ya kamata mu san da wace cuta muke fama.

Abin da iyayenmu ke kira gigin tsufa, wanda muke ɗaukarsa tamkar furfura ce da dole ta zo wa kowa, likitoci sun tabbatar ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma tsofaffi da yawa suna komawa ga Mahaliccinsu da hankalinsu garau. Ciwon ba iri ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke ɗauke da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Ragowar sun haɗa da wadda ke biyo bayan toshewa ko fashewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, abokiyar tafiyar hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Ku riƙe wannan bambanci, domin duk magungunan da za mu ambata an yi su ne don Alzheimer kaɗai.

A 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan shekaru tana fama da ruɗewa: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikinsu. Daga baya aka gano dunƙulen nan wani furotin ne da ya daskare, ana kiransa amiloid. Tun farkon shekarun 1990 ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne cewa amiloid ne tushen ɓarnar, don haka idan aka kwashe shi cutar za ta lafa. Aka zuba dukiya mai yawa a kan wannan zato. Wani nazari da ya bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi tsakanin 2002 da 2012 ya ƙirga magunguna 244 da aka gwada don Alzheimer, guda ɗaya tak ya samu amincewa. Ku tuna da wannan adadi duk ranar da kuka ji an ce wani sabon magani ya nuna alamun nasara a jikin ɓeraye.

Kamfanin Biogen na Amurka ne ya ɗauki nauyin gwajin aducanumab. Maganin ana ba da shi ta jijiya kamar ƙarin ruwa, sau ɗaya a wata, aikinsa shi ne ya maƙale wa amiloid don sojojin jiki su kwashe shi. Aka shirya manyan gwaje-gwaje biyu masu tsari iri ɗaya, EMERGE da ENGAGE, da mutum fiye da 3,200 waɗanda cutar ba ta yi nisa a jikinsu ba. Ƙa'idar irin wannan gwaji ita ce a raba mutane ta hanyar ƙuri'a, wasu a ba su maganin, wasu a ba su ruwan da babu magani a ciki, kuma maras lafiya da likitan da ke auna shi duk ba su san wa ya samu me ba. Ana yin haka ne domin fata yana iya ruɗin ido, na iyali da na likita duka. A watan Maris na 2019 aka duba sakamakon wucin gadi, aka ga babu alamar za a kai ga nasara, sai kamfanin da kansa ya dakatar da gwaje-gwajen biyu.

Bayan wata 7, a Oktoba, kamfanin ya dawo da sabon zance. Ya ce ya sake lissafi da ƙarin bayanai, ya gano cewa a gwajin EMERGE waɗanda suka samu maganin da yawa sun samu sassaucin taɓarɓarewa da kashi 22 cikin 100. To ENGAGE fa, tagwayensa? Babu wani amfani da ya nuna. Gwaji biyu, magani ɗaya, cuta ɗaya, ɗaya ya ce e, ɗaya ya ce a'a, kuma dukansu an yanke su kafin su kai ƙarshe. Alƙalin da shaidu biyu suka saɓa a gabansa ba ya ɗaukar maganar wanda ta yi masa daɗi ya sallami ɗayan. Shaida na uku yake nema. Abin da hankali ya nuna ke nan, a sake gwaji.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, wadda take tamkar NAFDAC a wajenmu, ta tara kwamitinta na masana masu zaman kansu a Nuwamba 2020. Da aka tambaye su ko za a iya dogara da EMERGE a matsayin hujjar cewa maganin yana aiki, 10 cikin 11 suka ce a'a, ɗaya ya ce bai tabbata ba. Babu ko mutum ɗaya da ya ce e. Duk da haka, ranar 7 ga Yuni 2021 hukumar ta amince da Aduhelm. Ta bi ta wata ƙofar gaggawa da aka buɗe tun 1992 lokacin da ƙanjamau ke kisa babu magani, ƙofar da ke ba da damar amincewa da magani idan ya canza wata alama a jiki wadda ake kyautata zaton za ta kai ga sauƙi. Alamar a nan ita ce raguwar amiloid a hoton ƙwaƙwalwa. Wato dai hukumar ba ta ce an tabbatar maganin yana taimakon tunanin mutum ba, cewa ta yi yana kwashe amiloid, sauran kuma a bai wa kamfani shekara 9 ya kawo hujja, yana ciniki yana nema. Uku daga cikin 'yan kwamitin suka ajiye muƙaminsu don nuna ɓacin rai. Ɗayansu, Farfesa Aaron Kesselheim na Jami'ar Harvard, ya bayyana hukuncin a matsayin mai yiwuwa mafi muni da aka yanke kan amincewa da magani a tarihin Amurka na kusa.

A nan ne gaba ɗaya rigimar take, kuma ina so ku tsaya ku dube ta da kyau. Aduhelm yana kwashe amiloid, babu mai musun wannan. Amma ba hoton ƙwaƙwalwa kuke jinya ba, Baba kuke jinya. Tambayarku ita ce ko zai ci gaba da gane 'ya'yansa, ko zai iya alwala da kansa, ko zai daina fita tsakar dare yana neman gidan da aka rushe tun yana saurayi. Idan gobara ta ci rumbu, wanda ya zo ya share toka ya yi aiki, wurin ya yi fes, amma dami ko ɗaya bai dawo ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba sa farfaɗowa don an share abin da ke kewaye da su, kuma amiloid yana fara taruwa shekaru da dama, har 15 ko 20, kafin iyali su lura da komai.

Sai batun kuɗi. Biogen ya sa farashin dala 56,000 a shekara ga mutum ɗaya. Hukumar inshorar lafiyar tsofaffi ta Amurka, Medicare, da ta hango abin da zai hau kanta, sai ta ɗaga kuɗin da tsofaffi ke biya kowane wata daga dala 148.50 zuwa 170.10 a 2022, ta kuma ce wani babban kaso na ƙarin tanadi ne saboda Aduhelm. Miliyoyin tsofaffin da ba su taɓa ganin kwalbar maganin ba suka biya kuɗinsa daga fanshonsu. Manyan asibitoci irin su Cleveland Clinic da Mount Sinai suka ce ba za su ba marasa lafiyarsu ba. A Disamba 2021 kamfanin ya rage farashin zuwa dala 28,200. Kayan da za a iya raba kuɗinsa biyu cikin wata 6 a ci gaba da sayarwa, ku da kanku kun san yadda aka yanka farashinsa na farko.

Da a ce maganin bai da illa, da sai mu ce asarar dukiya ce kawai. Amma cikin waɗanda suka samu mafi yawan maganin, kusan kashi 35 cikin 100 hoton MRI ya nuna musu kumburi a ƙwaƙwalwa, wasu kuma ƙananan ɗigon jini. Dalili shi ne amiloid yana kwance har a bangon jijiyoyin jini, kuma ɓamɓare shi yana sa bangon ya yi yoyo. Gaskiya ne mafi yawansu ba su ji komai ba, kumburin kuma ya sauka da kansa. Wasu kuwa sun yi ciwon kai, jiri, ƙarin ruɗewa, ko matsalar gani, 'yan kaɗan har da farfaɗiya da kwanciya a asibiti. Ku auna: haɗari tabbatacce a hannu ɗaya, amfanin da ba a tabbatar ba a ɗaya hannun.

Ƙarshen labarin bai ɗauki lokaci ba. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da shi a Disamba 2021. A Afrilu 2022 Medicare ta ce ba za ta biya ba sai ga wanda ke cikin gwajin bincike. A Disamba 2022 wasu kwamitoci biyu na Majalisar Wakilan Amurka suka fitar da rahoton da ya soki irin kusancin da ya shiga tsakanin FDA da kamfanin yayin duba maganin. A Janairu 2024 Biogen ya sanar da daina yin Aduhelm, ya kuma rufe gwajin nan da aka ba shi shekara 9 ya kammala. Hujjar da aka ce za ta biyo baya ba ta zo ba, ba kuma za ta zo ba. Da wani a cikinku ya sayar da gona a 2021 saboda wancan kanun labarai, wa zai kama yau?

Na san abin da wasunku za su ce, kuma magana ce mai nauyi. Za ku ce da babu gara ba daɗi. Cutar nan ba ta jira, wanda ke da ita ba shi da shekara 5 da zai zauna sauraron gwaji na uku, kuma shi ya kamata ya zaɓi haɗarin da zai ɗauka. Ƙungiyoyin iyalan marasa lafiya a Amurka da wannan hujja suka matsa wa hukuma lamba, kuma ban ga laifin hawayensu ba. Sai dai Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ba a zargin mai nutsewa don ya kama. Wanda ake tuhuma shi ne na bakin gaɓa, mai cikakken hankali, da ya san abin da ke hannunsa ya miƙa, ya kuma nemi a biya shi. An kafa hukumomin magunguna ne domin a samu wanda zai riƙe hankalinsa a lokacin da iyali ba za su iya riƙe nasu ba. Zaɓi kuma ba ya zama zaɓi sai an faɗa wa mutum gaskiyar abin da yake zaɓa, tambarin hukuma a jikin kwalba kuwa abin da yake faɗa wa talaka shi ne an gama bincike.

Za ku kuma ce ai an samu na bayansa da suka fi shi. Haka ne, kuma adalci ya wajabta a faɗa. Lecanemab, wanda kamfanin Eisai na Japan ya jagoranta tare da Biogen, ana sayar da shi da sunan Leqembi, ya kammala gwajinsa yadda ya kamata, da mutum 1,795 na tsawon wata 18, FDA ta ba shi cikakkiyar amincewa a Yuli 2023. Donanemab na kamfanin Eli Lilly, mai suna Kisunla, ya biyo baya a Yuli 2024. Waɗannan sun nuna amfani na haƙiƙa. Amma ku dubi girmansa. Jaridu sun buga cewa lecanemab yana rage taɓarɓarewa da kashi 27 cikin 100, mai karatu kuma sai ya ɗauka kwatan hankalin Inna zai dawo. Ga abin da ke ƙarƙashin wannan adadi. Akwai ma'auni mai maki 18 da ke duba tunawa, sanin wuri da lokaci, yanke shawara, hulɗa da jama'a, aikin gida da kula da kai, kuma ƙaruwar maki na nufin ƙaruwar ciwo. Waɗanda ba a ba maganin ba sun ƙaru da maki 1.66. Waɗanda aka ba sun ƙaru da 1.21. Bambancin 0.45 ne, bai kai rabin maki ba cikin 18. Rukunin biyu duk ƙasa suka yi, ɗaya dai ya ɗan fi ɗaya saurin gangara.

Masu goyon baya suna fassara wannan da jinkirin wata 4 zuwa 6, kuma ba zan raina watannin da uwa za ta ƙara tana gane ɗanta ba. Wasu masana kuma suna ganin sai bambanci ya kai maki 1 ko fiye kafin na kusa da maras lafiya su lura da shi. Abin lura shi ne Ingila, mai tsarin lafiya na gwamnati da wadatattun na'urori, ta ba magungunan biyu lasisi, amma hukumarta mai auna amfani da tsada, NICE, ta ce ba za a saye su da kuɗin jama'a ba domin amfanin bai kai kuɗin ba.

Yanzu ku ɗora wannan a kan halin gidajenmu. Magungunan nan na waɗanda cutar ke matakin farko ne kawai. Mu kuwa galibi ba ma kai tsoho asibiti sai ya daina gane mutane ko ya fara ɓata shimfiɗa, lokacin da ko a Amurka ba za a ba shi ba. Kafin a fara sai an tabbatar akwai amiloid, yawanci da wani hoto mai tsada da ake kira PET ko ta ɗibar ruwan laka daga gadon baya. Ana duba wata ƙwayar gado mai suna APOE4, domin wanda ya gaje ta daga uwa da uba haɗarinsa ya fi yawa, kusan ɗaya cikin uku na irinsu sun samu kumburin ƙwaƙwalwa a gwajin lecanemab, shi ya sa Tarayyar Turai ta cire su daga waɗanda za a ba. Mai shan maganin tsinka jini yana cikin haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma a gwajin donanemab an danganta mutuwar mutum 3 da maganin. Sannan ƙarin ruwa duk mako biyu ko huɗu, da hoton MRI sau da dama a shekarar farko, da likitan da ya iya karanta shi. Wannan ba abin da za a je Dubai mako biyu a dawo ba ne. Farashin da aka sa wa Leqembi a Amurka a 2023 dala 26,500 ne a shekara, ban da gwaje-gwaje da kuɗin asibiti. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara albashinsa kaf na fiye da shekara 40 kafin ya biya kuɗin shekara ɗaya.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa muku ba. A gwaje-gwajen Aduhelm baƙaƙen fata ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, a na lecanemab ma 'yan ƙalilan ne. Wannan ba ƙorafin siyasa ba ne kawai. Tun farkon shekarun 1990 masana daga Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiana suka shafe shekaru suna kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen Amurka a birnin Indianapolis da ma'auni iri ɗaya. Suka samu cewa yawan sababbin masu kamuwa a Ibadan bai kai rabin na Indianapolis ba, kuma alaƙar APOE4 da cutar ta fi rauni a wajen Yarabawa. Cutar tana da fuska daban-daban gwargwadon jini da abinci da yanayin rayuwa. Alƙaluman da aka tara a jikin Turawa da Japanawa ba za a ɗauko su a shimfiɗa kan dattijon Gumel ko na Maraɗi a ce an gama magana ba.

Idan maganin da babbar hukuma ta sa wa hannu ya ƙare haka, ina ga wanda yake matakin gwaji? Ga simufilam, ƙwayar da kamfanin Cassava Sciences na jihar Texas ya yi ta yayatawa har hannun jarinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2021. A Satumba 2024 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 40 don sasanta tuhumar hukumar kasuwar hannun jari ta Amurka cewa ya ba da bayanai masu yaudara kan sakamakon gwajinsa na farko, ba tare da ya amsa laifi ko ya musa ba. Bayan wata 2 babban gwajin ya fito, maganin bai fi ƙwayar da babu komai a ciki ba. Sau da yawa sanarwar nasarar da ke isowa wayarku ba don ku aka rubuta ta ba, don masu sayen hannun jari aka rubuta.

A ƙarƙashin inuwar waɗannan manya ne ƙananan 'yan kasuwa ke cin abincinsu. Mai sayar da ƙwayoyin ƙarin kuzari a Facebook da WhatsApp ya ari kalmar amiloid ya liƙa a kwalinsa. Dillalin asibitocin ƙetare ya yi muku alkawarin allurar sababbin ƙwayoyin halitta. Mai maganin gargajiya ya ce nasa ma yana wanke ƙwaƙwalwa. Wani kuma ya ce sammu ne ko aljanu, mafi muni ma a jefi tsohuwa da maita saboda tana sambatu, alhali ciwo ne ke cin ta. Duk cinikin biri a sama ne, kuma abin da ke rufa musu asiri shi ne cutar tana da ranakun sauƙi da na tsanani. Aka dace Baba ya tashi da walwala kwana biyu bayan fara shan abu, sai a ce magani ya karɓe shi.

Kada ku fahimci maganata a matsayin ƙin bincike. Duk maganin da ke ceton rai yau ya taɓa zama na gwaji, kuma ina fata a riƙa gwada magungunan mantuwa a Afirka da mutanen Afirka. Amma mutanen Kano ba sa buƙatar a koya musu abin da kalmar gwaji ke nufi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200, aka rasa 11 daga rukunin biyu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musa, ya ce cutar ce ta yi kisan, daga bisani a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Mai ciwon mantuwa ya yi kama da yaron nan ta fuska ɗaya: wataƙila ba zai iya fahimtar takardar da aka miƙo masa ba, ku ne za ku sa hannu a madadinsa. Gwaji na gaskiya yana da izinin NAFDAC da na kwamitin ɗa'ar bincike, ana bayyana muku haɗarinsa da harshen da kuke ji, ana faɗa muku cewa mai yiwuwa naku ya faɗa rukunin da ba a ba magani ba, kuna da ikon janyewa duk ranar da kuka so ba tare da an daina duba shi ba. Wanda ya ce maganinsa na gwaji ne sannan ya miƙo muku lambar asusun banki, ku tashi ku ba shi wuri.

Kuɗin da kuke shirin haɗawa akwai inda za su yi aiki. Ku fara da kai tsohon wajen likitan ƙwaƙwalwa, a asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. Dalili kuwa, ba kowace mantuwa ce Alzheimer ba, wasu abubuwan da ke kama da ita suna da magani: ƙarancin sinadarin B12, raunin aikin halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ciwon damuwa mai tsanani, jinin da ya taru a ƙoƙon kai bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita, tunjere ko ƙanjamau da suka taɓa ƙwaƙwalwa, da tarin magungunan barci da na mura da ake ɗirka wa tsofaffi. Ku kwashi duk abin da yake sha a leda ku tafi da shi, har na gargajiya. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa ba gigin tsufa ba ne, tana iya zama zazzaɓi, ciwon fitsari, sukari da ya hau ko ya faɗi, ko shanyewar ɓarin jiki, asibiti ake zuwa a ranar. Idan an tabbatar Alzheimer ce, akwai tsofaffin ƙwayoyi irin su donepezil da memantine da ke ɗan sassauta alamomi ga wasu na wani lokaci. Ba sa warkarwa, suna da nasu illolin, amma likita mai gaskiya zai faɗa muku haka, kuma ba sai an sayar da gida ba.

Ku kuma da kuke tsakiyar shekarunku, ko kuka fara jin tunaninku yana zamewa kuna ɓoyewa, ga abin da ya fi kanun labaran can muhimmanci amma ba ya yawo a waya. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kimanin kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa na da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa, cikinsu har da hawan jini, ciwon sukari, yawan kitse a jini, shan taba, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, buguwar kai, kaɗaici, da ƙarancin ilimi tun yarinta. Ƙiyasi ne a kan jama'a, ba alkawari ne ga mutum ɗaya ba, kuma akwai masu kiyayewa da cutar ke kamawa duk da haka. Amma an gwada ɗaya daga ciki a wani babban gwaji. A ƙauyukan ƙasar Sin an bi mutum kusan 34,000 masu hawan jini na tsawon shekara 4, inda ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba, suka riƙa auna jini suna daidaita magunguna masu araha. Sakamakon da aka buga a 2025 ya nuna kamuwa da cutar mantuwa ta ragu da kashi 15 cikin 100 a ƙauyukan da aka tsananta kulawa. Babu wanda ya turo muku wannan, domin babu kamfanin da hannun jarinsa zai tashi saboda ƙwayar hawan jini da ake samu a kowane kyamis.

Saƙon zai sake zuwa, da sabon suna da sabon hoto, watakila daga hannun ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya da zai ce ku 'yan gida kun yi sakaci da Hajiya. Kafin taron dangi ya yanke shawarar sayar da wani abu, ku sa a nemo amsar waɗannan a rubuce: a jikin mutane aka gwada ko a jikin dabba, mutum nawa, an kwatanta su da waɗanda ba a ba ba, me ya canza a rayuwarsu ta yau da kullum ban da hoto da gwajin jini, mutum nawa suka cutu, kuma masu ciwo a matakin da namu yake suna cikin waɗanda aka gwada? Ku kai amsar wajen likitan da ba shi da kaso a cinikin. A zaman nan kuma ku sa a tattauna wa zai riƙa karɓar matar da ke kwana da Hajiya ko da kwana biyu a mako, da wanda zai ɗauki nauyin auna mata jini da duba idonta da kunnenta a wannan watan.